Tsara Gajeruwar Ziyarar Ilimi: Daga Ganuwar Bauchi Zuwa Dajin Yankari

1.0 Gabatarwa

Daga cikin dabarun koyarwa da ake karantar da ɗalibin kwalejin ilimi, da wuya a sami wadda ake yawan ambato kuma ake ƙarancin aiwatarwa kamar ziyarar ilimi. Ko da an yi ta, galibi takan tashi a yawon shan iska: a cika mota da ɗalibai, a ɗauki hotuna, a dawo da gajiya, a wayi gari babu abin da ya ƙaru a littafin kowa. Wannan darasi zai duba yadda malamin Hausa zai tsara tafiyar kwana uku wadda ta haɗa kallon namun daji da hawan keke da nazarin tarihin gari. An ɗauki birnin Bauchi da dajin Yankari a matsayin misali, domin abubuwan nan uku duk suna kusa da juna a wurin.

2.0 Ina Ruwan Malamin Hausa da Namun Daji?

Yaron da ya tashi a birni ya san cewa giwa a garin wani zomo ce. Ya kuma ji tatsuniyar da Gizo ya haɗa giwa da dorina jan igiya. Amma idan aka ajiye masa hoton gwanki da na kanki da na mazo, aka ce ya bambanta, sai ya kira su duka barewa. Ke nan kalmomin suna nan a ƙamus da karin magana da kirari, amma abin da suke nufi ya ɓace wa mai magana. Kalmar da ta rabu da abin da take nufi kuwa ta kama hanyar mutuwa, domin wanda bai san ta ba ba zai koya wa ɗansa ita ba. A nan ne aikin malamin Hausa ya bambanta da na malamin kimiyyar halittu. Shi wancan dabbar yake nema. Shi kuwa malamin Hausa sunanta yake bi, da jam'inta, da abin da Bahaushe ya gina a kanta na hikima.

Saboda haka, matakin farko na tsarin shi ne malami ya rubuta manufarsa a cikin jimla ɗaya ko biyu. Alal misali: "Kowane ɗalibi zai dawo da sunayen dabbobi da tsuntsaye da itatuwa talatin, da labarin baka guda ɗaya a kan wata ƙofa ta birnin Bauchi." Manufa irin wannan ana iya auna ta. Amma "domin ɗalibai su buɗe ido" ba ta aunuwa, kuma ita ce aka fi gani a takardun neman izini.

3.0 Zaɓen Lokaci

Yanayi ne ke zaɓa wa mai zuwa Yankari lokaci. Da damina ciyawa takan yi tsawo, hanyoyin cikin daji su ɓaci, ruwa kuma ya wadata ko'ina, don haka dabbobi sukan warwatsu. Da rani kuwa, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, tafkuna sun ƙafe, sai namun daji su riƙa gangarowa kogin Gaji wanda ya ratsa dajin. A lokacin ne aka fi ganin su. To, amma hawan keke a zafin Maris da Afrilu azaba ce ga ɗalibai. Idan aka auna buƙatun biyu, watan Janairu da farkon Fabrairu sun fi dacewa. Haka kuma, kada a sa ranar zagayen gari ta faɗo Juma'a, saboda cunkoson da ake yi a kewayen babban masallaci da fada.

4.0 Rana ta Farko: Birnin Bauchi a Kan Keke

Malam Yakubu, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta a hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa birnin Bauchi a wajejen 1809, ya kewaye shi da ganuwa mai tsawon kimanin kilomita 10. Ya rasu a 1845, Turawan Ingila kuma suka ci garin a 1902. Mafi yawan ganuwar ta zube, an yi gine-gine a gurbinta, amma sunayen ƙofofinta suna nan a bakin jama'a: Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Wambai, Ƙofar Dumi, Ƙofar Tirwun, Ƙofar Inkil da sauransu.

Tsawon nan na ganuwa shi ne hujjar amfani da keke. Kilomita 10 a ƙafa, da tsaye-tsaye da tambayoyi, zai cinye yini guda, ɗalibai su galabaita kafin a kai rabi. Babbar mota kuma ba ta shiga lungu, kuma wanda ke cikinta ta taga yake hangen gari, ba ya jin maganar mutanensa. Mai keke kuwa yana iya tsayawa duk inda ya ga dattawa zaune, ya sauka, ya jingine kekensa, ya yi sallama. Wannan saukar tana da muhimmanci, domin a al'adar Bahaushe ba a gai da babba daga kan abin hawa. Ɗalibin da ya miƙo tambaya yana bisa sirdi, gajeruwar amsa zai samu, in ma ya samu.

Ya kamata a raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, kada kowace ta wuce mutum takwas, da jagora a gaba da wani a baya. Kowace ƙungiya a ba ta ƙofa biyu ko uku. A duba birki da taya da sarƙar kowane keke tun jajibirin ranar, a kuma riƙe famfo da faci da sholisho. A fita da hantsi, a tattaru kafin azahar. Akwai kuma batun da masu tsara irin wannan tafiya kan manta: ba duk ɗalibai suka iya keke ba, kuma da yawa daga ɗalibai mata ba za su so hawa a tsakiyar gari ba. Kada a tilasta wa kowa, kada kuma a bar kowa a masauki. A tanadi a-daidaita-sahu ɗaya ko biyu su bi tawagar. Ga shi kuma idan aka je gidan da tsohuwa ce ke riƙe da labarin unguwa, ɗalibai mata ne kaɗai ke iya wuce zaure.

Labarin da za a samo a bakin mutane zai sha bamban. Sanannen zance shi ne an samo sunan garin daga wani maharbi mai suna Baushe. Wani mai ba da labari zai faɗe shi ta wata fuska, wani kuma ya ƙara abin da na farko bai faɗa ba. Aikin ɗalibi shi ne ya rubuta kowace ruwaya yadda aka faɗe ta, da unguwar da aka ji ta, da kimanin shekarun mai maganar, ba tare da ya gyara ko ya yi gardama ba. Kada kuma ya mayar da maganar zuwa daidaitacciyar Hausa. A karin harshen Bauchi akan ji jimla kamar "ya kai saƙo wa sarki" a inda Bakano zai ce "ya kai wa sarki saƙo". Ɗalibin da ya "gyara" wannan a littafinsa ya zubar da abu mafi daraja da ya samo a ranar.

Da la'asar sai a ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. An buɗe ginin da ke kewaye da kabarin a 1979. Ga ɗalibin Hausa, wannan shi ne marubucin littafin Shaihu Umar, kuma yana da kyau a ce an karanta littafin a aji kafin tafiyar. Ita kuwa fadar Sarkin Bauchi ba a zuwa kwatsam, sai an aika da wasiƙa tun da makonni, an kuma sami amsa.

5.0 Rana ta Biyu da ta Uku: Yankari

Daga Bauchi zuwa masaukin Wikki da ke tsakiyar dajin akwai kimanin kilomita 110. Ana bin hanyar Gombe zuwa Dindima, sannan a karya kudu zuwa ƙofar shiga da ke Mainamaji, daga nan kuma sauran tafiyar kusan kilomita 40 duk a cikin daji ce. Kekuna a Bauchi za a bar su. Dajin da ke da giwa da ɓauna ba wurin hawan keke ba ne, kuma kewayen kallon dabbobi a mota ake yin sa tare da jagora daga ma'aikatan wurin.

An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri. Akwai giwa da ɓauna da gwanki da gwambaza da mazo da dorina da kada, da tsuntsaye fiye da iri 350. Wajibi ne malami ya faɗa wa ɗalibai gaskiya tun daga gida: daji ba gidan zu ba ne. Ana iya yin kewaye biyu ba a ga giwa ba sai kashinta da sawunta da rassan da ta karya, ganin zaki kuwa sai babbar sa'a. Wanda aka yi wa alkawarin zaki ya dawo bai gani ba, zai ɗauka an yi asarar kuɗinsa, alhali kuwa sawun giwa ma darasi ne. Kewayen sassafe da na yamma sun fi albarka, domin da rana dabbobi kan shige inuwa.

Dabbobi biyu kam ba sai an nema ba, wato gwaggon biri da gadu, domin a cikin masaukin suke yawo. Birai sun saba da mutane ƙwarai, sukan fizge leda a hannu, su kuma shiga ɗakin da aka bari a buɗe. A gargaɗi ɗalibai kada su ba su abinci. A kuma guji baƙaƙen tufafi da masu shuɗi, domin su ƙudan tsando ya fi bi.

A nan malamin harshe zai sami abin yi har ya gaji. Jam'in ɓauna shi ne ɓakane, kuma ɗalibai ƙalilan ne suka taɓa jin sa. Gadu ana kiran sa mugun dawa, wanda ya buɗe ƙofar nazarin harɗaɗɗun sunaye irin su raƙumin dawa da jakin dawa, inda Bahaushe ya ari sunan dabbar gida ya laƙaba wa ta daji. Kalmar gada kuma, ta dabba da ta kan kogi, rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su. Jagororin dajin, waɗanda da yawansu 'yan yankin ne, sun san sunayen itatuwa da tsuntsaye da ba kowane ƙamus ya kawo ba. A tambaye su da ladabi, a rubuta, a kuma tambayi sunan abin a harshensu na gida idan suna da wani ban da Hausa.

Dajin kansa yana da tarihi, domin mutane sun zauna a cikinsa kafin a keɓe shi. Akwai kogunan Marshall, ɗakuna ne da aka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da kufan matoyar tama a Shaushau. Wasunsu suna da nisa, don haka a zaɓi guda ɗaya tare da shawarar jagora. Shi kuwa ruwan ɗumin Wikki, wanda ɗuminsa ke tsaye a kan digiri 31 dare da rana, a ware masa lokaci, maza daban mata daban, kuma kada wanda bai iya iyo ba ya matsa kusa da idon ruwan, inda ya fi zurfi.

6.0 Izini da Kuɗi da Tsaro

Ana buƙatar rubutaccen izinin hukumar makaranta, da na iyaye idan yara ne. Kasafin kuɗi ya ƙunshi mota da mai, hayar kekuna, kuɗin shiga, masauki, abinci, motar kewaye da ihsanin masu ba da labari. A tambayi farashin kowanne a makon da za a tafi, a kuma ajiye kashi ɗaya cikin goma saboda ɓacin rana. Mafi muhimmanci, malami ya riga ɗalibai zuwa, ya bi hanyar da kansa. A shekarun baya-bayan nan an sami matsalar 'yan bindiga a wasu dazuzzukan yankin Alkaleri, saboda haka dole a tuntuɓi hukumar dajin da jami'an tsaro kafin a sa rana, a sake tuntuɓar su ana gobe tafiya. Idan suka ce a dakata, a dakata, ko da an riga an biya kuɗin mota. Tafiyar dare kuwa babu ita, don haka a baro Wikki da azahar a rana ta uku.

7.0 Bayan Dawowa

A cikin mako guda, kafin abin ya huce, kowace ƙungiya ta gabatar da abin da ta samo. A tattara sunayen a jera su bisa tsarin abacada, da jinsi da jam'i da misali a jimla, a kwatanta su da abin da ke cikin ƙamusun Bargery na 1934. Ruwayoyin ƙofofi kuma a ajiye su gefe da gefe, a ga inda suka haɗu da inda suka rabu. A ɗinke kundin a ajiye a ɗakin karatu na sashe, a kuma aika da kwafi ɗaya ga mai unguwar da ya karɓi ɗaliban.

Jinga

Ɗalibi ya zaɓi wani gari mai tarihi da ke kusa da kwalejinsa, ya tsara ziyarar yini biyu ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, ya rubuta manufarta a jimla ɗaya, sannan ya nuna ɓangaren da za a yi a keke da dalilin zaɓensa.