Jirgin fito zuwa Puerto Williams a tsakiyar hunturu

Daga Punta Arenas, a ƙarshen kudancin ƙasar Chile, akwai jirgin fito mai suna Yaghan da ke zuwa Puerto Williams a tsibirin Navarino. Tafiyar kan ci kimanin sa'o'i 30, ba hanyar mota tsakanin garuruwan biyu. Jirgin na kamfanin Tabsa ne, aikinsa kuwa kai wa mutanen tsibiri motoci da kayan masarufi. Ɗan yawon buɗe ido ɗan rakiya ne kawai a cikinsa. Wanda ya san haka tun daga gida ba zai ji haushi ba in an ɗage tashi saboda iska.

Abin da ke jan mutane shi ne reshen arewa maso yamma na mashigin Beagle, inda ƙanƙarar da ta shekara dubbai tana taruwa a kan duwatsun Darwin ke gangarowa teku. Gangarorin suna jere, an sa musu sunayen ƙasashen Turai: España, Alemania, Francia, Italia, Holanda, da wani mai suna Romanche wanda ruwa ke zubowa daga ƙarƙashinsa. Na Italia har bakin ruwa yake isowa. Cikin tsagoginsa launin shuɗi ne mai kauri, domin nauyin shekaru ya matse iskar da ke ciki ta fita. Charles Darwin ya ratsa nan a 1833 cikin ƙaramin kwalekwale.

Hunturun can daga Yuni ne zuwa Agusta, kuma abin da ya fi sanyi wahalarwa shi ne ƙarancin haske. A ƙarshen Yuni wunin bai fi sa'o'i 7 da ɗan abu ba. Rana ba ta fitowa sai kusan ƙarfe goma, ta ɗan rataya a arewa, kafin biyar da rabi duhu ya rufe. Jirgin ba ya jiran gari ya waye don kowa. Saboda haka kafin ka biya kuɗi, ka rubuta wa ofishinsu ka tambayi lokacin da ake sa ran wuce wurin ƙanƙarar, a tafiya da kuma a dawowa, ka zaɓi wadda ta faɗo da rana, ɗayar ka hau jirgin sama. A ganina Agusta ya fi, wuni ya ƙara tsawo amma dusar ƙanƙara ba ta bar duwatsun ba.

Ba ɗaki a jirgin, kujeru ne masu kwantawa, iri biyu. Mazauna Puerto Williams ake fara bai wa masu arha, don haka ka kama taka da wuri. Ka kuma bar kwana biyu ko uku a tsakani kafin jirginka na komawa gida.

Galibin hanyar ruwa ne kwance tsakanin tsibirai, sai a wajen Brecknock inda jirgi ke leƙa tekun Pasifik ya yi tangaɗi. Mai saurin jiri ya sha magani tun kafin a kai can.

Sanyin ba na muku-muku ba ne mai bushe leɓe. Jiƙaƙƙe ne, iska na tura shi cikin ƙashi. Riguna uku a jere sun fi babba ɗaya: ta ulu a jiki, mai kauri a tsakiya, wadda ruwa ba ya ratsawa a waje. Ka haɗa da safar hannu da hular da ke rufe kunne, da takalmi mai kama ƙasa, domin daben ƙarfen jirgin santsi yake yi da asuba. Wayarka ka sa ta a aljihun ciki, sanyi na shanye batir, kuma mafi yawan hanyar ba sabis.

Kuɗin tikiti ya haɗa da abinci, amma ka tambayi abin da ke ciki, cerdo da jamón duk alade ne. Kada ka ɗauko kilishi ko zuma daga gida, hukumar SAG ta ƙasar Chile na bincika kayan abinci a filin jirgin sama, kuma tana cin tarar wanda ya ɓoye. Ka sayi guzurinka a Punta Arenas. Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa kusa da kusa, sai ka riƙe alwala. Alƙibla daga wannan yanki gabas take kusan kai tsaye, amma jirgi na yawan juyawa, sai ka duba kamfas kafin ka tayar da salla.

In ma'aikata sun sanar an kusa, ka bar shayin ka fita waje ko da yayyafi ake. Jirgin wucewa yake yi, ba ya komawa baya, kuma gilashin tagar ciki a lokacin duk ya yi gumi.