Yadda Ake Raba Kare da Warin Bodari a Bakin Komadugu

Bodari ƙaramar dabba ce baƙa mai zanen fari a gadon baya, wadda ke fita da dare neman ɓeraye da ƙwari da ƙwai, kuma a ƙauyukan bakin Komadugu, daga Difa har Boso, karnukan da ke gadin gonakin tattasai da garken makiyaya su ne suka fi yin arba da shi. Idan kare ya matsa masa, sai ya ɗaga wutsiya ya juya baya ya feso wani ruwa daga 'yan jakunkuna biyu da ke gefen duburarsa. Abin da ake kira tusar bodari ke nan, ko da yake ba iska ba ce, mai ne mai ɗauke da sinadaran farar wuta, shi ya sa yake manne wa gashi ya yi kwanaki.

Idan feshin ya sami kare, ana fara ɗaure shi a inuwa nesa da ɗaki da rumbu, a wanke masa idanu da ruwa mai tsabta domin feshin yana sa su ja da raɗaɗi, sannan a duba ko an cije shi. In akwai cizo, maganar ta koma wurin likitan dabbobi saboda tsoron ciwon haukan kare.

Inda gwaninta take shi ne haƙurin hana ruwa taɓa jikin tukuna. Wanda bai saba ba yakan ja karen zuwa kogi ya tsoma shi, alhali mai ba ya narkewa a ruwa, sai dai ya bi gashi ya bazu daga wuya zuwa ciki da ƙafafu, wurin da bai fi tafin hannu ba ya zama jiki duka. Gwani yakan bi da hanci har ya gano inda feshin ya sauka, galibi fuska da wuya da ƙirji, ya dafa tsumma busasshe a kai yana dannawa ba tare da gogawa ba, domin guga tura man take yi cikin fata. Daga nan ya barbaɗa rairayi mai laushi ko busasshiyar ƙasa, ya bar ta ta sha man, ya kakkaɓe ta da tsinke, ya maimaita har gashin ya daina sheƙi. Mafarauta da 'ya'yan makiyaya ne suka fi iya wannan aiki, kuma ba sa ƙyamarsa, tun da shari'a ta halatta kare don farauta da kiwo da gona, Malikiyya kuma ba ta ɗauki jikinsa najasa ba. Duk wanda ya ga yaro riƙe da haɓar karensa yana lallashinsa da murya ƙasa-ƙasa ya san cewa dabbar da ke kwana a waje domin dukiyar gida ta cancanci wannan wahala.

Bayan haka ake zuwa ga sabulu, a cuɗa shi da ɗan ruwa a wurin kaɗai. Kanwar ƙasar Manga tana taimakawa wajen yanke maiƙo, amma kaɗan ake jiƙawa, domin mai kauri tana cin fata. Wanda ke kusa da kantin magani a Difa yana iya yin haɗin da wani masanin sinadarai na Amurka, Paul Krebaum, ya bayyana a 1993 saboda wata dabbar can mai irin wannan feshi: kusan lita ɗaya ta ruwan oksijene mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, wato ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi, da rubu'in kofi na bikarbonat, da ƙaramin cokali na sabulun ruwa. Wannan haɗi yana sauya sinadaran warin ne su zama marasa wari, abin da turare ba ya yi, ko da humrar matan Barebari ce. A buɗaɗɗen bokiti ake haɗa shi a yi amfani da shi nan take, domin in an toshe shi a kwalba iskar da yake fitarwa tana iya fasa ta. Ana shafawa a kauce wa ido da baki da kunne, a bari kamar minti 5, a ɗauraye. In ya daɗe yakan koɗar da baƙin gashi.

Ruwan ɗauraya ana zubar da shi nesa da rijiya, tsumman a binne shi, igiyar kuma a sake wata, domin sau da yawa ita ce ke riƙe warin bayan karen ya rabu da shi.