Darasi Daga Kuritiba: Birnin Da Ya Sa Motar Bas Ta Yi Aikin Jirgin Ƙasa

Ma'aikacin da ke ɓata awa biyu a cunkoson ababen hawa kullum, kwana shida a mako, yana asarar kusan awa 600 a shekara. Idan aka lissafa, kwana 25 ke nan cur, dare da rana, yana zaune cikin zafi da hayaƙin mota. Wannan lokaci ne da ya kamata ya tafi wajen neman abinci ko zama da iyali. Ga kuɗin mota da ke cinye albashi, ga kuma fargabar ambaliya duk lokacin da damina ta kankama.

A yau idan ana zancen gyara birane, hankali yakan tafi kan abin da ake kira birni mai wayo, wato kyamarori a kan tituna, na'urorin auna hayaƙi, da manhajojin waya masu nuna inda mota take. Waɗannan duk suna da amfani. Sai dai akwai wani birni a ƙasar Birazil da ya rage wa mutanensa wahala tun kafin a san wayar hannu, kuma har gobe masu tsara birane suna zuwa daga ƙasashe daban-daban don koyon yadda ya yi. Sunansa Kuritiba, babban birnin jihar Parana da ke kudancin ƙasar.

Mene ne tsarin birni mai ɗorewa?

Shi ne a tsara inda mutane za su zauna, da yadda za su yi zirga-zirga, da inda ruwan sama zai bi, da yadda za a yi da shara, ta hanyar da birnin zai iya ɗaukar nauyinta shekara da shekaru ba tare da ya karya aljihun gwamnati ko ya lalata muhalli ba. Muhimmin abu a nan shi ne haɗa waɗannan a taswira ɗaya. Idan hukumar filaye tana raba fuloti a gabas, hukumar sufuri kuma tana shimfiɗa titi a yamma ba tare da sun zauna tare ba, talaka ne zai biya kuɗin rashin jituwarsu.

Matsalar da Kuritiba ta fuskanta

A tsakiyar ƙarni na 20 mutane sun yi ta kwarara zuwa birnin daga ƙauyuka. Zuwa 1970 mazaunansa sun kai kimanin 600,000, a yau kuwa sun kusa miliyan 1.8. Tun a 1943 wani masani Bafaranshe mai suna Alfred Agache ya zana wa birnin tsari na manyan tituna masu faɗi da ke fitowa daga tsakiyar gari. Aiwatar da shi gaba ɗaya yana nufin rushe gine-gine masu yawa da kashe kuɗin da birnin ba shi da su, kuma duk ababen hawa za su ci gaba da taruwa a wuri guda.

A 1965 aka kafa cibiyar bincike da tsara birnin, wadda ake kira IPPUC a taƙaice, a 1966 kuma aka amince da sabon tsari. Ɗaya daga cikin matasan da suka yi aikin shi ne Jaime Lerner, mai zanen gine-gine, wanda ya zama magajin gari a 1971. Ya riƙe wannan kujera sau uku, daga baya ya zama gwamnan jihar Parana, ya rasu a 2021.

Aikin da ya fara jawo hankali shi ne na 1972, lokacin da aka hana motoci bin wani sashe na titin kasuwanci da ke tsakiyar gari, Rua XV de Novembro, aka mayar da shi na masu tafiya a ƙasa. 'Yan kasuwa sun yi adawa, suna tsoron ciniki zai mutu. An kammala kashin farko cikin kusan kwana uku, kuma da suka ga masu saye sun ƙaru, sai adawar ta lafa. Titin yana nan har yau babu mota a kansa.

Titi uku a jere

Zuciyar tsarin ita ce a hana birnin bazuwa ta ko'ina kamar ruwan da aka zubar a ƙasa. An zaɓi wasu dogayen layuka da suka fita daga tsakiyar gari, aka ce ta nan birnin zai girma. Kowane layi ya ƙunshi tituna uku da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Na tsakiya yana da hanya biyu a cibiyarsa da aka keɓe wa bas kaɗai, da ƙananan hanyoyi a gefe don motocin da ke shiga shaguna da gidaje. Sauran biyun, ɗaya a dama ɗaya a hagu, na motoci masu sauri ne: ɗaya na shiga gari, ɗaya na fita.

Sai dokar gini ta biyo baya. A bakin waɗannan layuka an yarda a gina dogayen benaye, da shaguna a ƙasa, gidaje da ofisoshi a sama. Yayin da ake nisa da layin, tsayin ginin da aka yarda da shi yana raguwa. Ma'ana, inda jama'a suka fi yawa nan bas take wucewa. Bas ta samu fasinja, fasinja kuma ya samu mota a ƙofar gida. Wanda ya kalli hoton birnin daga sama zai ga benayen sun jeru a layi, suna nuna hanyar bas kamar an ja su da alƙalami.

Yadda bas ta kwaikwayi jirgin ƙasa

Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da sauri, amma haƙa masa rami yana cin kuɗi ninki da yawa a kan shimfiɗa hanyar bas, kuma yana ɗaukar shekaru. Injiniyoyin Kuritiba sai suka tambayi kansu: mene ne ainihin abin da ke sa jirgi sauri? Suka ga ba ya haɗa hanya da kowa, fasinja yana biyan kuɗi kafin ya shiga, ƙofofinsa suna da yawa kuma daidai suke da daɓen tasha, sannan yana ɗaukar mutane da yawa a tafiya ɗaya. Duk waɗannan ana iya yi wa bas, kuma sun yi su ɗaya bayan ɗaya.

A 1974 bas ta fara gudu a hanyar da aka keɓe mata. Zuwa 1980 an haɗa layukan suka zama tsari guda mai kuɗi ɗaya: mutum ya biya sau ɗaya, ya sauya mota a babbar tasha ba tare da ƙarin ko sisi ba. Wannan ya fi amfanar talakan da ke zaune a bayan gari, domin mai gajeriyar tafiya da mai doguwa kuɗinsu ɗaya.

A 1991 aka kawo tashoshin da suka zama alamar birnin. Siffarsu kamar ƙaton bututu ce ta gilashi da ƙarfe, an ɗaga su sama daidai da daɓen motar. Fasinja yana biya a ƙofar tasha, ya jira a ciki, ruwa ba ya dukansa. Idan bas ta tsaya, wani ɗan faranti yana sauka daga kowace ƙofa ya haɗe da tashar, mutane su shiga su fita cikin daƙiƙu kaɗan. Babu hawa matakala, babu jiran canji a hannun kwandasta. Mai keken guragu da tsoho da mai goyo duk suna shiga cikin sauƙi. A 1992 kuma aka fara amfani da doguwar bas mai gaɓa uku, tsawonta kusan mita 25, mai ɗaukar mutum wajen 270.

Ga lissafi mai sauƙi. Idan irin wannan bas tana tashi duk bayan minti biyu, mota 30 ke nan a awa ɗaya, wato fasinja 8,100 a hanya guda. Kafin ƙananan motoci masu ɗauke da mutum bibbiyu su kwashe wannan adadi, sai an jera fiye da 4,000 a kan titi.

An kuma bambanta motocin da launi don kada fasinja ya rikice. Ja ita ce mai bin babban layi, mai ruwan lemo tana kwaso mutane daga unguwanni zuwa tasha, koriya tana zagayawa tsakanin unguwanni ba tare da ta shiga tsakiyar gari ba, mai ruwan toka kuma tana tsayawa a tashoshi kaɗan don masu doguwar tafiya.

Akwai wani gyara da ido ba ya gani. Kamfanoni masu zaman kansu ne ke da motocin, amma hukumar sufurin birnin, URBS, ita ke tsara hanya da lokaci. A shekarun 1980 aka koma biyan kamfanonin gwargwadon kilomitan da motocinsu suka yi, maimakon yawan fasinjan da suka ɗauka. Da wannan direba ba shi da dalilin tsere da ɗan'uwansa don ƙwace fasinja, ko tsayawa a tasha sai mota ta cika.

Tafkuna a madadin kwalbati

Koguna da dama sun ratsa Kuritiba, ciki har da Barigui da Iguwasu, kuma ambaliya ta daɗe tana damun ta. Maimakon a zuba siminti a mayar da kogunan manyan lambatu, sai aka ware filayen da ke bakinsu aka mayar da su wuraren shaƙatawa masu tafkuna. Filin Barigui, wanda aka buɗe a 1972, shi ne mafi shahara. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, tafkin yana cika ya malala kan ciyawa, ya riƙe ruwan na ɗan lokaci kafin ya wuce ƙasa a hankali. Ciyawa ce ke nutsewa, gidajen mutane su tsira. Da rani kuma wurin na motsa jiki ne da hutun iyali. Tsofaffin ramukan fasa dutse ma an mayar da wasunsu wuraren shaƙatawa, kamar filin Tangua.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san kududdufan tsofaffin biranen ƙasar Hausa irin su Kano. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini daga cikinsu sun daɗe suna tara ruwan damina. Duk kududdufin da aka cike aka yi gini a kansa, ruwan da yake riƙewa sai ya nemi wata hanya, sau da yawa cikin gidajen maƙwabta.

Shara a musanya da abinci

A 1989 birnin ya fara koya wa jama'a, musamman ta hannun 'yan makaranta, su riƙa ware robobi da kwalabe da gwangwanaye da takardu daga sauran shara. A 1991 aka ƙaro wani shiri don unguwannin marasa ƙarfi: mutum ya kawo kilo 4 na sharar da za a iya sarrafawa, a ba shi kilo 1 na kayan lambu ko 'ya'yan itace. Ana sayen kayan daga ƙananan manoman da ke kewayen birnin. Lunguna sun tsabtata, magudanan ruwa sun rage toshewa, manomi kuma ya samu kasuwa.

Inda tsarin ya gaza

Kuritiba ba aljanna ba ce. Filayen da ke bakin layukan bas sun yi tsada, har masu ƙaramin ƙarfi da yawa suka koma garuruwan da ke kewaye, inda tafiya ta fi tsawo kuma ayyukan gwamnati suka fi ƙaranci. Birnin yana cikin waɗanda suka fi yawan motocin kai a Birazil idan aka kwatanta da yawan jama'a, kuma masu hawa bas sun ragu a shekarun baya-bayan nan, ga cunkoso a motocin safe da yamma. Haka nan, wa'adin Lerner biyu na farko sun zo ne a zamanin mulkin soja, lokacin da naɗa magajin gari ake yi, abin da ya sa wasu ayyuka suka tafi da saurin da ba lallai a samu ba inda sai an nemi yardar jama'a.

Waɗanda suka kwaikwaya

Tsarin bas ɗin, wanda duniya ta sani da BRT, ya bazu. Birnin Bogota na Kolombiya ya buɗe nasa, TransMilenio, a ƙarshen shekarar 2000. Legas ta fara a watan Maris na 2008 da layin Mile 12 zuwa CMS, mai tsawon kilomita 22. Dar es Salaam ta Tanzaniya ta biyo a 2016, Dakar ta Senegal kuma a 2024 da motoci masu amfani da lantarki.

Sababbin tsare-tsaren sun ƙara fasahar zamani: katin biyan kuɗi, na'urar GPS da ke nuna wa ɗakin kula inda kowace mota take, allon da ke faɗin mintin da bas za ta iso, da danja mai ba bas hannu idan ta matso. Amma kowace daga cikin waɗannan tana aiki ne idan an riga an keɓe hanya kuma an hana wasu shiga. Manhaja ba za ta iya faɗin lokacin isowar motar da ta maƙale a cunkoso ba. Birane da yawa sun sayi motocin, sun gina tashoshin, amma sun bar dokar gini yadda take, unguwanni suka ci gaba da tsirowa nesa da layin.

Mai son auna birninsa da wannan ma'auni yana iya farawa da tambayoyi huɗu. Minti nawa ne a ƙafa daga gida zuwa inda ake samun motar haya? Sau nawa ake biyan kuɗi kafin a isa wurin aiki? Ina ruwan unguwar yake taruwa idan aka yi ruwan sama na awa biyu, kuma an yi gini a wurin? Sabbin fulotan da ake rabawa a bayan gari, an ware musu hanyar bas da filin ruwa kafin a fara aza tubali? Ta ƙarshen ita ce mafi gaggawa, domin ware fili kafin gini kusan kyauta ne, bayan gini kuwa sai da rusau da biyan diyya.