Yadda Ake Mayar Da 'Yar Kwamfutar Raspberry Pi Na'urar Raba Intanet

Rimin Gado ba ta da nisa da birnin Kano. Wanda ya kama hanyar Gwarzo, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza, ba da jimawa ba zai iso garin. Sai dai duk wanda ya zauna a karkara ya san halin sabis ɗin waya: yana iya cika fal a bakin titi, mutum na shiga ɗaki mai kaurin bango da rufin kwano ya ragu. Mai POS, da ɗalibi mai shirin JAMB, da malamin makaranta a Gulu ko Jili ko Butu-Butu, kowa na buƙatar intanet da zai zauna daram a inda yake aiki. Akwai wata 'yar kwamfuta da ke iya kamo sabis daga sama ta raba wa wayoyin gida ko shago, kuma haɗa ta bai fi ƙarfin matashi mai gyaran waya ba.

Sunanta Raspberry Pi. Wata gidauniya ce a birnin Kambirij na Ingila ta fito da ita a shekarar 2012, ƙarƙashin jagorancin Eben Upton, a kan dala 35, don yara su koyi sarrafa kwamfuta. Allo ne guda, girmansa kamar katin ATM, an dasa masa komai a kai. Tun daga Pi 3 da ta fito a 2016 suke zuwa da waifai a jikinsu, saboda haka ita, ko Pi 4 ta 2019, duk sun wadatar. Ba sai an kashe kuɗi a kan Pi 5 ba.

Bayan allon, ana buƙatar memori mai gigabait 16 ko fiye, da modem na 4G mai shiga ramin USB irin Huawei E3372, da layin waya mai data, da caja mai kyau. Memori da caja da kebul ana samunsu a kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut a Kano. Ita kanta Pi sau da yawa sai an yi odarta. Layin kuwa dole ya kasance an haɗa shi da lambar NIN, kamar yadda hukumar NCC ta wajabta tun Disambar 2020.

Kafin a taɓa kwamfutar, a fara gwada sabis. A nan mutane da dama ke yin gaggawa, alhali a kan wannan aikin duka ya rataya. A samu layukan kamfanoni biyu ko uku, kamar MTN da Airtel da Glo, a saka su a waya ɗaya bayan ɗaya, a zagaya gidan: tsakar gida, bakin taga, kan katanga, kan soro idan akwai. A duba inda alamar 4G ke tsayawa ba ta komawa 3G. A gwada da safe, a sake gwadawa bayan sallar isha, lokacin da kowa ya hau intanet. Layin da ya yi wa maƙwabci kyau ba lallai ya yi wa wannan gidan ba, domin bishiya ɗaya ko gini ɗaya na iya tare hanyar turken sabis.

Daga nan sai manhaja. A wata kwamfutar ake sauke Raspberry Pi Imager, a zura memorin, a zaɓi Raspberry Pi OS Lite, wadda ba ta da hotuna kuma ba ta cin wuta sosai. Tun kafin a rubuta ta a memorin za a saka suna da kalmar sirri, a kunna SSH don a riƙa sarrafa Pi daga nesa, a kuma zaɓi NG a matsayin ƙasar waifai. Idan ba a zaɓi ƙasa ba, waifai ɗin kan ƙi tashi. Sai a mayar da memorin cikin Pi, a ba ta wuta. A karon farko ya fi sauƙi a jona mata talabijin da kibod.

Yanzu a saka layi cikin modem a cusa shi a ramin USB. Yawancin E3372 da ke kasuwa suna haɗa kansu da intanet ba tare da an yi musu komai ba, kuma suna da shafin saiti a adireshin 192.168.8.1. Idan fitilar modem ɗin ta ƙi tsayawa, a wannan shafin ake gyara APN. Na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net.

Rabawar kanta umarni ɗaya ce. Tun fitowar Raspberry Pi OS ta Oktobar 2023, manhajar NetworkManager ce ke kula da wannan fanni, don haka sai a rubuta:

sudo nmcli device wifi hotspot ifname wlan0 ssid RiminGado password KalmarSirri

A maye gurbin sunan da kalmar sirrin da waɗanda ake so, amma kalmar kada ta gaza haruffa takwas. Nan take sunan zai bayyana a wayoyin da ke kusa. Saura a ce wa hanyar waifai ɗin ta riƙa tashi da kanta duk sa'ad da wuta ta dawo:

sudo nmcli connection modify Hotspot connection.autoconnect yes

Wahalar gaske tana wajen wuta. Pi 4 na son bolt 5 da amfiya 3, modem ɗin kuma daga jikinta yake sha. Cajar waya mai araha ba ta iya wannan nauyi. Alamarta ita ce intanet ya riƙa yankewa da zarar an fara sauke bidiyo, mai abin ya yi ta zargin kamfanin waya alhali laifin caja ne. Ɗaukewar wuta ba zato kuma tana lalata memori. Wanda ke da sola da batir mai bolt 12 ya fi kowa morewa: sai ya sayi ƙaramar na'urar da ke rage wuta zuwa bolt 5, ya jona kai tsaye ba tare da inbata ba. Pi da modem a haɗe ba su cika wuce wat 10 ba.

Sai wurin ajiya. Da kebul ɗin USB mai kauri, wanda bai wuce mita 5 ba, ana iya ɗaga modem ɗin zuwa wurin da aka gano sabis ya fi ƙarfi, a rufe shi cikin robar da ruwa ba ya shiga. Wasu samfuran E3372 suna da ramuka biyu na eriyar waje, wadda ake ɗaurawa a kan sanda a fuskantar da ita wajen turke. Ita Pi a bar ta a inuwa, nesa da kwanon rufi, domin idan zafinta ya kai digiri 80 takan rage gudu don kare kanta, kuma zafin watan Afrilu a ƙasar Kano ba abin wasa ba ne. Ƙaramar fanka da goge ƙurar hunturu lokaci-lokaci sun isa.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya sa ba za a sayi MiFi kawai a huta ba? Ga mai buƙatar intanet a aljihu, MiFi ta fi araha da sauƙi. Waifai ɗin Pi ma ba na taron jama'a ba ne, wayoyi kaɗan yake ɗauka, kuma ba ya ratsa bango da yawa. Fifikonta yana wajen tattalin data, wanda ya ƙara muhimmanci tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Manhajar vnStat na nuna abin da aka sha kowace rana. Pi-hole na tare tallace-tallace da yawa kafin su sauka. Kiwix kuwa na ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, a cikin memori, ɗalibai su karanta ta waifai ko da data ta ƙare.

Ga makarantar sakandare, ko Islamiyya, ko ƙaramin asibitin karkara da ke da sola, wannan haɗin ya cancanci kuɗinsa. Wanda kuma ke tunanin sayar wa jama'a intanet da shi, ya fara tuntuɓar NCC, domin sana'ar sayar da intanet a Nijeriya sai da lasisi.