Ɗana Ya Haɗiye Haƙorinsa

Tambaya: Ɗana mai shekara 6 yana famfara. Jiya yana cin tuwo haƙorinsa da ke girgiɗi ya fita, ya haɗiye shi. Akwai matsala?
Maman Abba, Zariya

Amsa: Maman Abba, ki kwantar da hankalinki. Haƙoran yarinta 20 ne, suna zubewa daga shekara 6 zuwa wajen 12, kuma yara da yawa kan haɗiye su cikin abinci ko barci. Kafin haƙori ya fita, saiwarsa ta riga ta narke, ɗan guntu ne kawai ya rage. Zai bi hanji ya fito a bayan gida cikin 'yan kwanaki, sabon haƙori kuma zai tsiro yadda ya saba.

Kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, kada kuma ki ba shi maganin wankin ciki. Ya ci abincinsa, ya sha ruwa.

Amma idan ya sarƙe, yana tari ba ƙaƙƙautawa ko numfashinsa na fita da ƙara, wataƙila haƙorin ya shiga hanyar iska. Ki garzaya da shi asibiti nan take. Haka nan idan kin ga amai, ciwon ciki, zazzaɓi ko jini a kashinsa. Allah Ya raya mana shi.