Neman Haihuwa: Yadda Damuwa Ke Shiga Tsakanin Miji da Mata a Shimfiɗa

Da yawa daga cikinmu a wannan makaranta suna da aure, wasu kuma an sa rana, kammala difloma kawai ake jira. Abin da ba a cika gaya wa ango da amarya ba shi ne, tun lallen biki bai goge ba za a fara ƙirga musu watanni. Da an yi wata shida gwaggo ta fara satar kallon cikin amarya, shekara na zagayowa sai ka ji ana cewa, "Har yanzu shiru?" Wannan tambaya takan bi ma'aurata har cikin ɗaki, ta ɓata musu abin da ake neman cikin da shi.

Yaushe ake cewa an samu jinkiri?

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, sai ma'aurata sun yi wata 12 suna saduwa a kai a kai, ba tare da tsarin iyali ba, ciki bai shiga ba, sannan ake kiransa matsala. Rahoton hukumar na 2023 ya nuna kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar wannan a rayuwarsa. Kuma a kusan rabin irin waɗannan matsaloli akwai hannun namiji, duk da cewa a wajenmu mace ce ke shan gorin.

Me damuwa ke yi wa jiki?

Kowane ɗalibi ya san yadda karatun da ya haddace ke gudu idan aka raba takardar jarrabawa. Haka jiki yake a shimfiɗa. Idan mutum ya shiga fargaba, jikinsa na sakin sinadarin adirenalin, wanda ke matse jijiyoyin jini ya shirya mutum gudu ko faɗa. Ita kuwa miƙewar gaban namiji sai jijiyoyin sun saki, jini ya cika wurin. To, ranar da uwargida ta duba kalanda ta ce, "Yau ce ranar," maigida ya ji kamar an sa shi a gaban alƙali, sai gaba ya ƙi motsi, ko ya yi saurin kawowa, ko ya kasa kawowa sam. Gobe ya zo da tsoron abin da ya faru jiya, abin ya sake maimaituwa.

Ita ma macen haka. Wadda ta kwanta tana tunanin maganar uwar miji da barazanar kishiya, sha'awarta kan ɗauke, ni'ima ta ƙi sauka, saduwa ta zama mai zafi. Ganin jinin al'ada kowane wata ya koma mata kamar zaman makoki. A hankali sai su daina kusantar juna in ba a "ranakun" ba, shi yana ganin ta mai da shi injin haihuwa, ita tana ganin ya daina sonta. Saduwa ta ragu, damar samun cikin ma ta ragu.

Mene ne mafita?

Na farko, a sassauta wa kalanda. Maniyyi kan rayu har kwana 5 a jikin mace, ƙwan mace kuma bai wuce awa 24 ba bayan fitarsa. Shi ya sa likitoci ke cewa saduwa duk bayan kwana 2 ko 3 ta wadatar, ba sai an yi farautar rana ɗaya ba.

Na biyu, a dawo da hira da wasa da raha waɗanda ba su da alaƙa da neman ciki, kuma a yi magana a fili ba da zargi ba.

Na uku, a je asibiti tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan shekara ɗaya a ga likita, idan matar ta haura shekara 35 kuwa, bayan wata 6. Gwajin maniyyi ya fi yawancin gwaje-gwajen mata sauƙi da araha, don haka babu dalilin da maigida zai noƙe. In akwai rauni a shimfiɗa a gaya wa likita, don wani lokaci alamar ciwon suga ne ko hawan jini.

Na huɗu, a yi hattara da maganin ƙarfin maza na bakin tasha da kayan matan da ake cusawa a gaba. Wasu na taɓa zuciya da ƙoda, wasu na jawo ciwon sanyi.

Mu kuma 'yan uwa da abokan karatu, mu kama bakinmu. Haihuwa ta Allah ce, kuma tambayar da muke jefawa da wasa a bakin aji wani da ita yake kwana.