Ɓawon Albasa da Kitsen Jini

Jama'a, a kowace rana matan gida suna ɓare albasa su zubar da busasshen ɓawon nan a bola. Daga Aliero ta jihar Kebbi zuwa Galmi ta ƙasar Nijar, inda ake noman jar albasa mai suna, abin da ake zubarwa ba kaɗan ba ne. To, masana sun gano cewa wani sinadari mai suna kwasetin ya fi yawa a cikin ɓawon, nesa ba kusa ba, a kan tsokar da muke ci.

A Koriya ta Kudu aka fi bin diddigin tasirin wannan sinadari a kan kitsen jini. A wani bincike da aka buga a 2011, an riƙa ba wa maza masu shan taba miligiram 100 na kwasetin da aka tace daga ɓawon, kullum, har mako 10. Mugun kitsen jininsu, wanda ke toshe jijiyoyi, ya sauka, mai amfanin kuma ya hau. A 2016 aka buga wani, na mutum 72 masu ƙiba, aka ba wasu irin wannan adadi mako 12, wasu kuma ƙwaya ta banza. Nauyi da kitsen jikin waɗanda suka sha na gaske sun ɗan ragu. A lura, ɗan raguwa ne. Amma a Jamus, da aka ba masu ƙiba miligiram 162 mako 6, kitsen jini bai gusa ba, sai hawan jinin masu fama da shi ne ya ɗan sassauta.

Ga inda hankali zai yi aiki. Abin da aka ba mutanen nan tatacce ne, an auna shi a ɗakin gwaji. Kwasetin ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka wanda ya tafasa ɓawo a tukunya bai san nawa ya sha ba. Kada mai magani a kasuwa ya ruɗe ku da cewa ɓawon albasa zai narkar da tumbi, kuma kada wanda likita ya ɗora a kan maganin kitsen jini ya ajiye shi saboda shayin ɓawo. Mai son gwadawa ya fara shawartar likita, ya wanke ɓawon tas, ya kuma jefar da duk wanda ya ga baƙar ƙura a jikinsa, domin fumfuna ce da ke kama albasa idan ta daɗe a ajiye.